Shari'ar Tom Robinson: Darasi Daga Wani Majigin Amurka

A wannan fitowa ina so mu yi nazarin wani majigi na Amurka wanda aka ɗauko daga cikin littafi. Sunan littafin da na majigin ɗaya ne, watau To Kill a Mockingbird. Mockingbird wani ɗan tsuntsu ne na ƙasar Amurka mai kwaikwayon kukan sauran tsuntsaye. A cikin labarin an ce ba ya ɓarna a gonar kowa, waƙa kaɗai ya ke yi, saboda haka kashe shi zunubi ne. Wanda ya riƙe wannan a ransa ya sami mabuɗin labarin, gama akwai mutum biyu a ciki waɗanda ba su cuci kowa ba, amma jama'ar gari suka tsangwame su.

Na zaɓi wannan majigi domin dalili biyu. Na fari, yana koya wa mutum yadda a ke auna shaida. Na biyu, akwai magana a cikin littafin wadda ta shafi malamin makaranta kai tsaye, masu majigin kuwa suka yar da yawancinta. Mu da ke koyon malanta ya kamata mu je mu tsinto ta.

Littafin da mai rubuta shi

Wata mace ce ta rubuta littafin, sunanta Harper Lee. An haife ta a 1926 a wani ƙaramin gari mai suna Monroeville cikin jihar Alabama, a kudancin Amurka, ta rasu a 2016. Ubanta lauya ne, saboda haka tun tana yarinya ta san kotu da abin da a ke yi a cikinta. Littafin ya fito a 1960, a 1961 kuma ya ci kyautar Pulitzer, wadda ke cikin manyan kyaututtukan da a ke ba marubuta a Amurka.

Majigin ya fito a watan Disamba na 1962. Robert Mulligan ne ya shirya shi, Horton Foote ya mai da littafin wasa, Gregory Peck kuma ya fito a matsayin lauya Atticus Finch. Hoton baƙi da fari ne, tsawonsa minti 129. A 1963 ya ci kyautar Oscar guda uku, ɗaya ta Gregory Peck, ɗaya ta Horton Foote, ɗaya ta masu tsara wuraren wasa. Yarinyar da ta fito a matsayin Scout, Mary Badham, 'yar Alabama ce, tana da shekara goma aka sa sunanta cikin masu neman kyautar.

Ƙasar da zamanin

Ba a gane labarin sai an san halin da kudancin Amurka ke ciki a lokacin. An hana bauta a Amurka a 1865, bayan yaƙin basasa. Amma jihohin kudu suka yi dokoki na raba baƙar fata da farar fata a makaranta, a jirgin ƙasa, a gidan abinci, har a wurin shan ruwa. A 1896 Babbar Kotun Amurka ta yarda da wannan rabo, muddin an ce abin da aka ba kowane gefe daidai ya ke. Ba daidai ba ne kuwa, kowa ya sani.

Ga kuma talauci. A 1929 ciniki ya karye a Amurka, bankuna suka rufe, kuɗin auduga ya faɗi, manoma suka rasa abin biyan bashi. Littafin ya sa labarinsa tsakanin 1933 da 1935, majigin kuwa ya fara daga 1932, a wani gari na ƙage mai suna Maycomb. Da farkon majigin za ka ga wani manomi, Cunningham, ya kawo wa lauya buhun 'ya'yan itace a maimakon kuɗin aiki, don ba shi da ko sisi.

Irin shari'ar da ke cikin labarin ta taɓa faruwa da gaske. A 1931 aka kama samari tara baƙaƙe a Alabama, aka ce sun yi wa mata biyu farare fyaɗe a cikin jirgin ƙasa. An yi shari'ar a garin Scottsboro cikin gaggawa, aka yanke wa takwas hukuncin kisa. Sau biyu Babbar Kotu ta rushe hukunci a kan maganar, a 1932 domin ba a ba su lauya na sosai ba, a 1935 kuma domin an hana baƙaƙe shiga juri. Juri su ne mutum goma sha biyu da a ke zaɓowa daga cikin jama'ar gari su saurari shari'a, su ne kuma ke faɗin ko mutum ya yi laifi ko bai yi ba. Joji sai ya faɗi hukunci bisa abin da suka ce.

Sa'ad da majigin ya fito ma rigimar ba ta kwanta ba. A 1954 Babbar Kotu ta ce raba makarantu ya saɓa wa tsarin mulki. A 1955 Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerarta a cikin bas a Montgomery, babban birnin Alabama, baƙaƙe suka daina shiga bas har fiye da shekara guda. Dokar da ta hana wariya a wuraren jama'a ba ta zo ba sai 1964. Ashe mutanen da suka fara ganin majigin nan halin garuruwansu suka gani a jikin allo.

Labarin a taƙaice

Scout yarinya ce mai kimanin shekara shida, wanta Jem yana da kimanin goma. Uwarsu ta rasu, suna zaune da ubansu Atticus da wata baƙar mace mai dafa musu abinci, Calpurnia, wadda ita ce ke tsawata musu kamar uwa. A unguwarsu akwai wani gida da ba a buɗe ƙofarsa. An ce wani Boo Radley na ciki, shekara da shekaru bai fito ba. Yara sun mai da shi dodo, suna ta ba juna tsoro da labarinsa. Amma lokaci lokaci sai Jem ya tarar an ajiye 'yan kyaututtuka a kogon wani itace kusa da gidan, kamar tsohon agogo da 'yan tsana biyu da aka sassaƙa da sabulu.

Ana nan sai joji ya nemi Atticus ya tsaya wa wani baƙin mutum, Tom Robinson, wanda aka ce ya yi wa wata farar budurwa fyaɗe. Sunanta Mayella Ewell, ubanta Bob Ewell mashayi ne, suna zaune kusa da jujin gari. A Alabama ta wancan zamani hukuncin wannan laifi yana iya kai wa ga kisa. Atticus ya karɓa, ya kuma yi niyyar yin aikin da gaske, wannan ne ya ja masa zagi, har yara suna tsokanar Scout a makaranta.

Daren da za a wayi gari a fara shari'a, waɗansu mutane suka zo gidan waƙafi da nufin su fizge Tom su kashe. Suka tarar da Atticus zaune a bakin ƙofa da fitila yana karatu. Ana cikin ja-in-ja sai yaran suka kutso. Scout ba ta san abin da ke faruwa ba, ta hangi Cunningham a cikin taron, ta gaishe shi da sunansa, ta ce ya gai da ɗansa Walter, ajinsu ɗaya. Kunya ta kama mutumin, ya ce wa sauran su tafi. Taro ba ya jin kunya, amma da aka kira mutum ɗaya da sunansa aka ambaci ɗansa, sai ya tuna shi wane ne.

Yadda aka auna shaida

Wannan sashe ya kamata a kalle shi da fensir a hannu. Atticus bai yi ihu ba, tambayoyi kawai ya yi, ɗaya bayan ɗaya. Ga abin da suka fitar.

Na ɗaya, ba a kira likita ya duba yarinyar ba, saboda haka babu wata shaidar asibiti cewa an yi abin da aka ce an yi. Na biyu, shugaban 'yan sandan garin, Heck Tate, ya shaida cewa kumburin da ke fuskarta a gefen dama ya ke. Wanda ya tsaya gaba da gaba da mutum ya buge shi a gefen dama, galibi da hannun hagu ya yi bugun. Na uku, Atticus ya ba Bob Ewell takarda ya rubuta sunansa, kowa ya ga bahago ne. Na huɗu, hannun hagun Tom ya mutu tun yana yaro, injin gurzar auduga ya kama shi. A majigin Atticus ya jefa masa kofi, ya cafe da dama, ya ce ba ya iya amfani da hagun.

Sa'an nan Tom ya ba da nasa labari. Ya ce Mayella ta saba kiransa ya taimaka mata da 'yan ayyuka, ba ya karɓar kuɗi. Ran nan ta kira shi cikin ɗaki, ita ce ta rungume shi, uban ya gani ta taga, shi kuwa ya ruga don tsoro. Duk wanda ya haɗa waɗannan ya san wanda ya bugi yarinyar.

Amma lauyan gwamnati ya tambayi Tom dalilin da ya sa ya ke yi mata aiki kyauta. Tom ya ce tausayinta ya ke ji. Nan ya kā da kansa bai sani ba. A idon juri, baƙin mutum ya ce yana tausayin farar mace ya ɗora kansa bisa kanta ke nan, wannan kuwa ya fi musu zafi da maganar hannun hagu. Su goma sha biyun nan duk maza ne farare, gama ba a sa baƙaƙe, mata ma ba su shiga juri a Alabama ba sai 1966. Suka komo suka ce Tom ya yi laifi.

Duk wanda ya yi karatun addini zai tuna da Yusufu da matar maigidansa a Masar. Labarin yana cikin Littafin Farawa sura 39, yana kuma cikin Alƙur'ani, inda aka nuna rigarsa ta baya ta yage, shaidar cewa gudu ya ke yi. Duk da haka kurkuku ya tafi, domin shi bawa ne, ita kuwa matar babban mutum ce. Shaida ba ta da amfani a gaban wanda ya riga ya yanke hukunci tun daga gida.

Bayan hukunci, farare suka watse. Baƙaƙe suna zaune a bene, don ba a yarda su zauna ƙasa tare da farare ba, yaran Atticus kuma suna tare da su. Da Atticus ya tattara takardunsa zai fita, sai duk suka miƙe tsaye shiru, fastonsu ya ce wa Scout ita ma ta tashi. Atticus ya yi niyyar ɗaukaka ƙara, amma Tom bai kai ba, an harbe shi, aka ce gudu ya yi.

Bob Ewell bai huce ba, don an tona shi a gaban jama'a. Wani dare ya tare yaran a duhu suna dawowa daga wasan makaranta, ya karya wa Jem hannu. Wani mutum ya fito ya cece su, ya ɗauki Jem ya kai gida, aka sami Ewell matacce da wuƙa a jikinsa. Mutumin nan Boo Radley ne, dodon da su ke tsoro. Heck Tate ya ce shi abin da zai faɗa shi ne Ewell ya faɗa kan wuƙarsa, ba zai ja mutum mai gudun jama'a irin wannan zuwa idon duniya ba. Robert Duvall ne ya fito a matsayin Boo, shi ne majiginsa na fari, bai kuwa furta ko kalma ɗaya ba.

Abin da majigi ya yar

Littafi yana da sarari, majigi ba shi da shi. Don haka Horton Foote ya bar abubuwa da yawa, kamar gwaggon yaran mai suna Alexandra, da gobarar gidan maƙwabciyarsu, da ranar da Calpurnia ta kai su cocin baƙaƙe. Ya ba shari'a da Atticus babban rabo. Abin da majigi ya iya wanda littafi bai iya ba shi ne sa mu mu gani da idon yaro. Sau da yawa an saukar da na'urar ɗaukar hoto daidai tsayin yara, har manya su zama dogaye, gidan Radley kuma ya zama abin tsoro.

Amma mu ba mu shiga cikin aji ba a majigin, sai dai mu ji Scout tana ba ubanta labari. A littafin kuwa akwai malamai biyu, kowace darasi ce a gare mu.

Ta farin ita ce Malama Caroline Fisher, yarinya mai kimanin shekara ashirin da ɗaya, sabuwar fitowa daga koyon malanta, baƙuwa kuma a garin. Watau irinmu ce. Ran farko ta tarar Scout ta iya karatu har tana karanta jarida. Maimakon ta yi murna sai ranta ya ɓaci, ta ce a gaya wa uban ya daina koya mata, don ba ta hanyar da aka koya wa malama a kwaleji ba ce. Da lokacin abinci ya yi, ta ga Walter Cunningham bai kawo kome ba, ta miƙa masa senti 25 ya saya ya biya gobe. Yaron ya ƙi. Duk ajin sun san dalili, gidansu ba sa karɓar abin da ba za su iya biya ba. Scout ta tashi ta yi mata bayani, sai malama ta ɗauka rashin kunya ne, ta buge ta da rula a hannu.

Malamar nan ba muguwa ba ce, nufinta alheri ne. Abin da ta rasa shi ne sanin gari. Ta zo da hanyar koyarwa a cikin jaka, ba ta tsaya ta tambayi yaran wane ne wane ba, ga shi kuwa mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Cikin rabin yini ta kunyata yaro matalauci a gaban 'yan'uwansa, ta kuma sa yarinya mafi ƙwazo a ajin ta ce ba za ta koma makaranta ba. Yawancinmu za a tura mu garuruwan da ba namu ba, cikin mutanen da harshensu da al'adarsu dabam ne da namu. Ni dai shawarata, makon farko malami ya fi yawan tambaya da sauraro. Ya san yaron da ke zuwa da yunwa, da wanda ke kiwo kafin ya zo, da wanda aka riga aka koya wa karatu a gida ko a makarantar allo. In zai taimaki yaro, ya yi a ɓoye.

Ta biyun ita ce Malama Gates. Wata rana a aji ta yi magana mai kyau a kan muguntar da Hitila ke yi wa Yahudawa a Jamus, ta ce a Amurka ba a tsananta wa kowa. Amma Scout ta tuna ta ji wannan malama a bakin kotu, ranar da aka kā da Tom, tana cewa dama lokaci ya yi da za a koya wa baƙaƙe hankali. Yarinyar ta rasa yadda za ta haɗa maganganun nan biyu. Yara suna jin abin da malami ke faɗa a kasuwa da bakin hanya game da wata ƙabila ko wani addini, suna kuma gwada shi da abin da ya faɗa a gaban allo. In biyun suka saɓa, na kasuwar za su ɗauka.

Atticus shi ma malami ne, ko da ya ke bai riƙe alli ba. In yara suka yi masa tambaya mai wuya, yakan ba su amsa ta gaskiya daidai hankalinsu. Da Scout ta zo da ƙarar malamarta, bai zagi malamar ba, bai kuma tsawata wa yarinyar ba. Ya nuna mata ta duba abin ta wajen malamar, wadda baƙuwa ce, sa'an nan suka yi yarjejeniya, ita ta ci gaba da zuwa makaranta, su kuma ci gaba da karatunsu na dare.

Sukar da a ke yi masa

Majigin ya sami girma ƙwarai. A 1995 aka sa shi cikin jerin majigan da Amurka ke adanawa don tarihi, a 2003 kuma Cibiyar Majigi ta Amurka ta zaɓi Atticus a kan shi ne gwarzo na ɗaya a cikin majigan ƙasar. Duk da haka akwai masu suka, ni kuwa ina ganin suna da hujja. Ran Tom ne a kan gungume, amma labarin na iyalin lauyansa ne. Ba mu shiga zuciyar Tom ba, matarsa ma da ƙyar muka ji muryarta. Baƙaƙen labarin galibi haƙuri su ke yi suna jiran farin mutum nagari ya tsaya musu, alhali a tarihi su da kansu suka yi tafiyar ƙasa a Montgomery har aka sauya doka. A 2015 kuma aka fitar da wani littafin Harper Lee, Go Set a Watchman, wanda ta rubuta tun kafin wannan, a cikinsa Atticus tsoho ne mai goyon bayan wariya. Malamin da zai koyar da labarin ya kamata ya faɗa wa ɗalibansa waɗannan duka.

Yadda za a koyar

In an sami nuna majigin, ga yadda na ke ganin za a yi. A fara da taswira, a nuna Alabama, a ba da tarihin a taƙaice. A raba kallon kashi uku, a tsaya bayan daren gidan waƙafi, a sāke tsayawa kafin juri su komo. A nan a sa kowane ɗalibi ya rubuta shaidun da ya ji da hukuncin da zai yanke, kāna a ci gaba. Saboda maganar fyaɗe da ke ciki, manyan ɗalibai ya dace da su. Bayan kallo a karanta musu babi na biyu da na uku na littafin, inda Malama Caroline ta ke.

Tambayoyi

1. Kawo shaidu huɗu da suka nuna ba Tom ne ya bugi Mayella ba.
2. Don me kalmar tausayi ta cuci Tom a gaban juri?
3. Su wane ne mutum biyun da suka yi kama da tsuntsun nan? Ba da dalili.
4. Heck Tate ya ɓoye gaskiya don ya kāre Boo. Daidai ya yi? In ka ce daidai ne, mene ne bambancinsa da juri, su ma da suka bar shaida suka bi abin da ke ransu?
5. Da kai ne Malama Caroline, yaya za ka yi da Walter, yaya kuma za ka yi da Scout?
6. Rubuta labarin ranar shari'a cikin shafi ɗaya kamar matar Tom ce ke ba da shi.

Ta huɗun ita ce ta fi wuya, ina kuma roƙon a kawo ta gaban ƙungiyar muhawara ta kwaleji, mu ji ta bakin kowa.